Yawon Arba'in ɗin Fusena

Sana'ata wankan jego. Rabin yaran da aka haifa a Maamobi, unguwarmu a Accra, a zamanin da nake da ƙarfi, ni na dafa wa uwayensu ruwa. Sunana Damata, amma Mma kowa ke ce mini, har waɗanda suka girme ni. Aiki ne mai cin bayan mutum. A hura wuta ƙarƙashin rabin duro, a jefa ganyen darbejiya, a zaunar da mai jego a kujera 'yar tsugunno, a riƙa tsoma ganyen ana fyaɗa mata har jikinta ya koma daidai. Safe da yamma, har ta yi arba'in. Suna ihu, suna zagina a ciki, daga baya su aiko mini da sabulu da turmin atamfa.

Mai wanka tana ganin abin da mayafi ke rufewa, kuma tana kama bakinta. Na ga abubuwa da yawa na yi shiru. Amma abin da na gani a jikin Fusena ya fi ƙarfin shiruna.

Fusena ba ni na haife ta ba. Uwarta 'yar haya ce a gidanmu, daga arewa ta zo, ba ta taɓa faɗin garinsu daidai ba. Zazzaɓi ya ɗauke ta yarinyar tana rarrafe. Aka jira dangi, ba wanda ya zo. Ni kuwa na haifa, duk sun koma. Sai na ɗauke ta na goya, shi ke nan. Ta tashi yarinya mai dariya, mai son ƙanzon shinkafa da wake, mai tsoron kaza. Ina sonta, ba na kuma jin kunyar faɗi.

Mijinta Falalu, ita ta zaɓe shi, ba wanda ya tilasta mata. Yana cikin waɗanda aka koro daga Legas a shekarar yunwa, ya sauka a Nima, unguwar da ke maƙwabtaka da mu, da jaka ɗaya da takalmin roba. Ba a daɗe ba sai ga shi da mota, sai ga shi ya je Makka, sai ga shi ya sa wa masallacin unguwa sabon kwano da lasifika. In an tambayi sana'arsa sai a ce yana harkar Lome. Kowa ya san abin da ake nufi. Da farko wiwi ne a buhunan gawayi, daga baya ya koma farar hodar nan da ake ƙetarawa da ita ta bodar Aflao, hanyar Lome. Mutane suna ce masa Alhaji. Ni a nan Falalu zan ce masa.

Da ta haihu, aka kawo ta ɗakina wanka, tunda ni ce uwar. Yarinya mace, aka sa mata Ikilima. Ranar farko da na zaunar da Fusena na ce ta sauke zani, sai ta riƙe shi a ƙirji.

Na ce, "Ke, ni kike jin kunya? Wa ya wanke miki kashi?"

Ta saki zanin a hankali. Bayanta duk shatar bulala, wasu sun warke sun yi baƙi, wasu ba su daɗe ba. A ƙasan kafaɗarta akwai tabo zagaye-zagaye, irin na wutar taba. Haƙarƙarinta na hagu ya ɗan tasa, alamar ya taɓa karyewa ya ɗore da kansa.

Ta ce, "Faɗuwa na yi, Mma. A bakin gwata."

Na sirka ruwan fiye da yadda na saba, na yi mata wanka kamar yadda nake yi mata tana jaririya, da tafin hannu. Na shafa mata man kaɗanya a kowane tabo. Tana kuka, ni ma ina yi, ba wadda ta dubi 'yar'uwarta.

Ba ta ba ni labari ba sai bayan suna, ranar da Falalu ya aiko da kyauta. Zanen goyo ne sabo, mai tsada, an linka shi biyu an yi masa shafi. Na ɗaga shi na ji nauyinsa bai yi mini ba. Na bi ɗinkin da yatsa, sai na tarar da aljifai a ciki, dogaye sirara, a jere, daidai inda cikin jariri da cinyoyinsa za su kwanta. Fusena tana shayarwa tana kallona. Da ta ga na gane, sai bakinta ya buɗe.

Tun tana da ciki yake aika ta Lome. A ɗaura mata ƙunshin hodar a ƙarƙashin ciki, ta bi layin mata 'yan kasuwa ta wuce, don ba mai laluben mace mai ciki. Duk ranar da ta ce ba za ta ba, jikinta ya gaya mata. Yanzu ciki ya sauka, saura goyo. Mai goyo ma ba a cika taɓa ta ba.

Ta ce, "Mma, kin tuna Zelia, mai kitso ta bayan famfo?"

Na tuna ta. An ce ta koma garinsu.

"Ba garinsu ta tafi ba. Shi take yi wa dako, da ɗanta a baya. Wata rana aka canja ma'aikatan boda, waɗanda ya saba ba su abinsu ba sa nan. Tana gidan yari, yaron yana tare da ita a ciki. Ko sau ɗaya bai leƙa ta ba." Ta dubi Ikilima. "Ya ce da na yi arba'in zan fara. Ni dai ya kashe ni, na saba. Amma wannan fa?"

Washegari na yafa mayafi na tafi ofishin 'yan sanda. Wanda na tarar a kan tebur wani kofur ne mai tumbi, na gane shi nan take, don shi ya cinye cinyar ragon sunan Ikilima. Ya saurare ni yana sakace haƙori.

Ya ce, da irin Hausarsa, "Mma, wannan maganan miji da mata ne. Ku je gida ku gyara. Alhaji mutumin kirki ne."

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Na tarar da Falalu a tsakar gidanmu, ya cire takalmi, ya tsuguna kamar surukin arziki. Ya gaishe ni, ya tambayi mai jego, ya tambayi ƙafata. Sannan ya dubi tarin itacen da nake dafa ruwa da shi, ya dubi ɗakunan katako na 'yan haya.

Ya ce, "Mma, ki riƙa kula da wutar nan. Gidan katako ne, ga yara. In ta kama, motar kashe gobara ba ta shiga lungun nan."

Ya yi murmushi ya tafi. Na zauna a kan turmi ina kallon tarin itacen.

Dattawan masallaci ma na je. Suka ce haƙuri, suka ce aure ibada ne, suka ce za su yi masa magana. Suna faɗi suna zaune a inuwar kwanon da ya saya. Ban ga laifinsu sosai ba, amma har yau in na wuce ta wurin gaisuwata gajera ce.

Kwanaki suna tafiya. Ban taɓa jin haushin sana'ata ba sai a lokacin, don kowane wanka da na yi mata yana matso da ranar. Fusena ta yi kyau, ta ciko, kunun kanwa da gasasshen nama sun karɓe ta. Ikilima ta fara bin mutum da ido. Da rana in uwar ta yi barci sai in ɗauke ta in kwantar a cinyata, in riƙa shinshina kanta. Ina gyara su ne da hannuna don in miƙa masa.

Sai na je wurin Adiza, magajiyar matan unguwarmu, mai sayar da busasshen kifi a Kasuwar Malam Atta. Mace ce mai jiki da murya, ɗanta soja ne, ba ta tsoron kowa. Na same ta tana korar ƙuda, na zauna a kan kwando na faɗa mata komai.

Da na gama ta ce, "Yarinyan nan zai yi yawon arba'in ko?" Hausar Nima ba ruwanta da mace ko namiji.

Na ce, "Wane yawo? Wurin wa za ta? Ba ta da kowa sai ni. Don haka ma ya aure ta."

A al'adarmu, mai jego in ta gama wanka takan ci ado ta goya jaririnta ta bi dangi gida-gida, ta gode wa waɗanda suka zo suna, ta nuna musu yaro. Wata ta kwana a nan, ta yini a can. Sai ta gama sannan ta koma ɗakin miji. Ba mijin da ke hanawa, sai wanda ke son a yi da shi a bakin famfo.

Adiza ta buga cinyarta. "Ba shi da kowa? Ei, Damata! Mata nawa suka ɗaura yayi ranan suna?"

Yayi shi ne ankon da mata ke yi a biki. Ranar sunan Ikilima, Falalu don son a sani ya raba atamfa har ga matan da bai san sunansu ba. Sun zo daga Nima, daga New Town, daga Adabraka, wasu 'yan kasuwa ma daga garuruwan nesa da suka kawo kaya suka tarar da biki.

Ta ce, "Duk wanda ya ɗaura zanen nan gwaggonshi ne. Zai je ya gaishe su duka. Ni zan kai shi gida ɗaya, mai gidan ya kai shi gaba. Kowa gida ɗaya zai sani." Ta nuna ni da wuƙar kifi. "Ke kuwa ba za ki san ko ɗaya ba. Ke za su kama. In suka kawo Alƙur'ani, ki rantse da gaskiya."

Na fahimci abin da take nufi, har da abin da ba ta faɗa ba. Na ce to.

Izinin a gaban dattawa na nema, bayan la'asar, Falalu yana zaune a tsakiyarsu da carbi. Na durƙusa daga nesa na ce mai jego ta kusa gamawa, tana neman izinin yawon arba'in. Na ga fuskarsa ta canja. Kafin ya yi magana wani tsoho ya ce, "Ai wannan dole ne. Alhaji da ya tara jama'a haka, a ce ba a je godiya ba?"

Falalu ya ce to, direbansa zai kai ta.

Na ce, "Alhaji, wace mota ce ke shiga lungunan Nima? Kuma ƙato ya riƙa bin mai jego ɗakunan matan mutane?"

Dattawa suka yi dariya. Shi ma ya yi, ta dole. Ya ce kada ta daɗe, akwai abin da yake so ta yi masa.

Ranar tafiyar da safe na yi mata wankan ƙarshe. Ruwan ya huce ban sani ba, don na tsaya wanke mata kai, ina tsefewa a hankali. Na yi wa Ikilima wanka ita ma, na sa mata kwalli, na shafa mata hoda a wuya. Fusena ta ɗaura atamfar suna. Ta sunkuya, na ɗora mata yarinyar, na ɗaure da tsohon zanena da ya yi laushi don wanki. Na sa mata ƙanzo a ƙullin leda, ta gani ta yi dariya, dariyar ta juye kuka.

Ta ce, "Mma, ki zo mu tafi tare."

"In na bi ki, kafin azahar ya gane."

"To yaushe zan gan ki?"

Na ce, "In ƙura ta lafa zan biyo sawunki. Gida-gida ne, ai ba ɓata za ki yi ba. Ki riƙa shan ruwa da yawa saboda nono. Kada ki bar kan yarinyar a rana."

Na raka ta har ƙofar gidan Adiza. Ban shiga ba. Na taɓa tafin ƙafar Ikilima da ke leƙowa ta ƙasan zani, na juya. Na ji Fusena ta ce "Mma" sau ɗaya, ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya ba inda za ta.

Da kwanaki suka wuce ba ta dawo ba, Falalu ya fara aike. Na ce tana wurin gwaggonta. Ya tafi wurin Adiza da kansa, ta ba shi kujera, ta ba shi ruwa, ta tambayi mahaifiyarsa, ta ba shi labarin tsadar kifi. Da ya ce ina matarsa, ta ce ta wuce gaida gwaggonta. Wace gwaggo? Adiza ta ce a Zango, unguwannin baƙi irin namu, ai kowa gwaggo ne. Hoton ɗanta da kakin soja yana rataye a saman kanta, sai ya tashi ya fita. Yaransa suka bi New Town, suka bi Adabraka. Duk gidan da suka shiga sai a ce, ayya, ta zo kuwa, yarinya mai ladabi, amma ta wuce.

Sai ya dawo kaina. Ya zo da kofur ɗinsa da rana tsaka, suka tasa ni gaba har ƙofar masallaci, mutane suka taru. Ya ce in rantse. Liman bai so ba, amma ya kawo Alƙur'ani. Na yi alwala a gaban kowa, na ɗora hannu, na ce wallahi tallahi ban san inda Fusena take ba, ban san garin da take ba, ban san a hannun wa take ba. Muryata ba ta yi rawa ba, don gaskiya na faɗa.

A nan ya manta da carbinsa. Ya ɗauke ni da mari har na faɗi a kan tabarmar liman. Kunnen nan na hagu tun ranar bai ƙara jin komai ba. Kofur ya juya yana kallon wani wuri. Amma mata sun gani, maza ma sun gani, kuma marin tsohuwa mai alwala a ƙofar masallaci ba abin da kwano ke rufewa ba ne. Daga ranar gaisuwarsa ta ragu a unguwa. Gidanmu bai kama wuta ba, don matan lungu sun riƙa kwana da bokitin ruwa a ƙofa, suna kuma faɗi da ƙarfi cewa sun san wanda za su nema.

Ya sami wasu matan da za su yi masa dako, wannan kam ba zan ɓoye ba. Ba mu gyara duniya ba. Yarinya ɗaya muka fitar, da 'yarta.

Shekaru suka shuɗe ban tambayi Adiza komai ba, ita ma ba ta faɗa ba. Yana da kunnuwa a ko'ina, kuma na san halina, in na san garin wata rana sai na hau mota. Na ci gaba da dafa ruwa. Duk jaririyar da na wanke sai in lissafa a raina, yanzu Ikilima ta yi haƙori, yanzu tana gudu, yanzu ta isa makaranta.

Bayan soja sun mayar da mulki ga farar hula, labari ya zo cewa an kama Falalu a wata ƙasar Turawa, inda kofur ɗinsa ba shi da amfani. Aka ce ba zai fito da sauran ƙarfi ba. Ran nan ko abinci ban ci ba, na tafi kasuwa wurin Adiza.

Ta rungume ni da ƙarnin kifinta. Ta ce wurin Sala ta kai Fusena, wata mai ɗinki a New Town. Sala ta tsufa, idonta ya yi rauni, amma ta tuna. Ta ce Fusena ta kwana biyu a ɗakinta, sannan ta sa ta a motar kaya tare da wata mai goro zuwa Koforidua. Na hau mota. Mai goron ta karɓe ni kamar 'yar'uwa, ta ce Fusena ta yi wata guda a wurinta, har yarinyar ta fara dariya da sauti. Ta nuna mini inda suke kwanciya. Na zauna a wurin na ɗan jima. Daga nan, in ji ta, ta kai su Kumasi da kanta, gidan wata tsohuwa da ake kira Maiturare.

Na isa Kumasi da hantsi, da atamfa a jaka da 'yan kunne ƙanana. Na yi tambaya a Zango, yara suka kai ni gidan. Wata mata mai matsakaicin shekaru tana tankaɗe a tsakar gida. Na yi sallama, na ce Maiturare nake nema.

Ta ajiye rariya. Ta ce, "Ayya, Mma. Innarmu ta rasu bara."

Na yi mata ta'aziyya yadda ya kamata. Sannan na tambaye ta ko ta tuna wata mai jego daga Accra, doguwa, mai wushirya, da jaririya mace.

Ta ce ta tuna ta sarai. Takan taya su wanke-wanke, tana gudun kajin gidan, suna yi mata dariya. Kullum maganarta Mma, Mma. Wata safiya Inna ta fita da ita tasha, ta dawo ita kaɗai.

"Ina ta kai ta?"

"Mun tambaya, Mma. Ni kaina na tambaya har ta yi fushi. Ta ce amana ce, an ce mata mutum ɗaya zai sani. Ko da ciwo ya tsananta na sake tambaya, na ce wata rana uwarta za ta zo nema. Ta ce in uwar ce ta gaske, za ta gane."

Na tambayi ƙawayen marigayiyar, na tambaya a tasha. Motocin tashar suna zuwa Tamale, suna zuwa Wa, suna zuwa Bawku, wasu suna ƙetare boda. Ba wanda ya san komai. Ba kuma wadda ta taɓa ce wa Fusena ƙura ta lafa, don wadda za ta aika mata tana kabari. Tana can wani wuri tana jin tsoron rubuto wasiƙa, kada ta jawo mini wuta.

Na koma gidan na zauna a bakin ƙofa. Matar ta kawo mini ruwa, ta tsuguna kusa da ni, ta ce in yi haƙuri, innarsu ta cika taurin kai.

Na ce, "Kada ki ga laifinta. Allah ya jiƙanta, ta riƙe amana. Ni da nake sonta na zo har nan na rasa ta. Shi da yake nemanta da mugunta, ina zai gan ta?"

Na ciro atamfar da 'yan kunnen na ba ta. Na ce ta ajiye, ko wata rana wata yarinya za ta zo daga arewa tana tambayar hanyar Maamobi.